Neman shawara kan zirga-zirgar aiki tsakanin Gombe da Kumo

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne, ina zaune da iyalina a unguwar Tumfure da ke gefen garin Gombe, amma an mayar da ni Kumo, kuma zirga-zirgar ta fara fin ƙarfina.

Tafiyar kanta ba ta kai awa guda ba idan mota ta kama hanyar Yola. Matsalar tana wajen jira, domin sai na hau Keke Napep zuwa tasha, sannan direba ba zai tashi ba sai motarsa ta cika, ko da kuwa kujera ɗaya ce ta rage, yana ta kiran fasinja mu kuma muna ta duba agogo. Saboda haka nakan fita bayan sallar asuba, amma duk da haka wani lokaci sai na tarar ɗalibai sun shiga aji, abin da yake damuna ƙwarai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota yake cinye kaso mai tsoka na albashina.

Na yi tunanin kama ɗaki a Kumo, amma mahaifiyata ta tsufa, ba zan iya barinta da dare ba. Sayen babur kuwa yana ba ni tsoro saboda manyan motocin da suke bin hanyar.

Don Allah, akwai ma'aikatan da suke yin karo-karo su ɗauki shatar mota ɗaya kullum zuwa Kumo? Yaya suke raba kuɗin, kuma me suke yi ranar da wani bai fito ba?