Tambayoyina sun ƙi kama ƙasa a Aboabo

Ummu Khadija:
Salamu alaikum 'yan uwa. Makaranta ta ba mu aikin bincike kan kuɗin da iyalai ke kashewa, na zaɓi Aboabo a nan Kumasi. Na tambayi wata mai koko, "Hajiya, mutum nawa ne a gidanku?" Ta ce arba'in da biyu. Ashe duk 'yan haya ta haɗa! Da na ce nawa take samu a wata, sai ta buɗe hannu ta ce, "'Yata, Allah ne masani." Takardun tambaya talatin sun lalace, abin ya dame ni ƙwarai. Ina gyaran yake?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kalmar "gida" ce ta jawo. A zango ɗaki goma na iya zama iyali goma. Ki ce, "Mutum nawa kuke ci a tukunya ɗaya?" Ko a ƙidayar jama'ar Ghana ta 2021, waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna haɗa cefane su ake ƙirgawa iyali guda.

Inna Asabe:
Mai koko ba albashi take karɓa ba. Ki tambaye ta cinikin jiya, sannan nawa ta sayi gero da siga. Kuma ki kula: tun canjin kuɗi na 2007 tsofaffinmu ke bin tsohon lissafi, suna kiran sabon sidi 100 "miliyan ɗaya". Ki tabbatar wane lissafi take yi kafin ki rubuta.

Ummu Khadija:
Inna, wallahi mutum uku sun ce mini miliyan biyu, na rubuta haka nan! Gobe da safe zan koma wajensu.