Wani fakej na npm ya shigo min da mugun kod cikin saba, ta ina zan fara gyara?

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar Linux ku agaza min, kaina ya kulle. Sabar Ubuntu nake kula da ita, ta wani ƙaramin shago, Node (manhajar da ke tafiyar da kod ɗin JavaScript) ke gudana a kai. Bayan na yi npm install (umarnin sauko da fakej, wato ƙunshin kod da wasu suka rubuta) sai ta fara nauyi, CPU kullum a cike, da na bincika na tarar wani fakej da ba ni na saka shi kai tsaye ba, wani fakej ɗin ne ya jawo shi, yana da postinstall (umarnin da ke gudana da kansa bayan an saka fakej) da ya sauko da fayil ya ɓoye a /tmp kuma ya rubuta kansa a crontab (jadawalin ayyukan da saba ke kunnawa da kanta). Na kashe mugun kod ɗin, na goge node_modules (foldar da fakej ke zama), amma da na yi ristat sai ya dawo.

Abin ya yi kama da na fakej ɗin ua-parser-js a Oktoban 2021, wanda aka cusa wa mai haƙar kirifto da ɓarawon fasuwod, lokacin shawarar GitHub ita ce a ɗauka an riga an mamaye kwamfutar, a canza duk makullai daga wata na'ura daban. To makullin SSH (na shiga saba daga nesa) da tokin da fasuwod na databes duk suna cikin sabar nan, da wanne zan fara?

Babbar damuwata bakof ne, wallahi bayanan kwastomomi ne a ciki kuma amana ce. In na yi fomat na dawo da shi, ya zan tabbatar ban kwaso cutar ba? Databes kaɗai zan ɗauko, kod ɗin kuma daga git (ma'ajiyar kod)? Na gode.