Ɓarawon da ake kamawa da safe a sake shi kafin la'asar, ina za mu kai kuka?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin doka ku taimaka da shawara. Garinmu ƙarami ne a yankin Gadarif na ƙasar Sudan, kowa ya san kowa, akwai wani yaro da ya addabe mu, lokacin girbin riɗi buhuna ke ɓacewa, bayan nan sai batirin sola da babura. Maƙwabcina da idonsa ya gan shi yana loda buhu a raksha, wato keke mai ƙafa uku, da asuba, muka je gisim, wato ofishin 'yan sanda, muka buɗe balag, wato muka shigar da ƙara, aka kamo shi, wallahi kafin la'asar ga shi zaune wajen mai shayi yana kallonmu. Da muka matsa sai wani ya ja mu gefe yace ku bar maganar nan, yaron na mabahis ne, wato 'yan sandan ciki, shi ke kai musu labarin masu shigo da ƙwaya da makamai ta iyakar Habasha. To doka ta yarda a bar mutum yana cin gumin talaka don kawai yana kai rahoto? In bata yarda ba wa za mu gaya wa?

Malam na Madani:
Wa alaikumussalam ƙanena. Na yi shekaru ina aiki a harabar kotu, abin da zan ce maka shine doka bata ba kowa lasisin sata ba. Abin da ake ɓoye wa mai kai rahoto sunansa ne saboda kar a kashe shi, laifinsa kuwa yana nan a kansa. Sata tana ƙarƙashin sashe na 174 na dokar laifuka ta 1991, wanda ya sayi kayan sata yana sane kuma sashe na 181 ne, kar ku manta da wannan domin riɗin nan ba ci yake yi ba, akwai mai auna shi a kasuwa. Ko wanda ake kira shahid malik, wato mai laifin da aka yi wa alkawarin sassauci don ya tona abokansa, ba ɗan sanda ke yin alkawarin a bayan ofis ba, ta hannun niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, ake yi kuma a kan shari'a guda ɗaya takamaimai. Saboda haka ku wuce gisim ku tafi wajen wakilin niyaba kai tsaye, shi ke sa ido kan bincike, kuma tun 2017 aka raba niyaba da ma'aikatar shari'a. Ku riƙe lambar balag da ranar da aka buɗe, ku tambaya a rubuce wa ya ba da belinsa, wa ya tsaya masa. Kar mutum ɗaya ya je, ku haɗa duk wanda aka yi wa sata, kowa da nasa balag ɗin. Ƙarar ɗan sandan kansa ita ce mai wuya don sai an ɗage masa kariya daga sama, ku fara da ɓarawon tukuna.

Maman Ikram, Damazin:
Ni dai roƙona ɗaya, ku riƙe matasanku. Na san yadda ake ji, wata rana wani zai ce mu yi maganinsa da kanmu. Mu da muka ga rikicin ƙabilanci na 2022 a nan Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi, muka ga gawarwaki da gidaje a ƙone, mun san ba a daɗewa magana take komawa ta ƙabila, a manta da buhun riɗi a ce Hausawa sun yi kaza. Ku sa umda, wato mai gari, da limamai a gaba, su raka ku niyaba, dan Allah 'ya'yana kar a taɓa yaron.

Baƙon Jidda:
Wannan ciwo har Amurka akwai shi. A Boston an yi wani Whitey Bulger, shugaban 'yan daba ne kuma yana kai wa FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, labarin abokan gabarsa, jami'in da ya riƙe shi a baya John Connolly shi ya tsegunta masa za a kama shi ya gudu a 1994, ba a same shi ba sai 2011, a 2013 kotu ta same shi da hannu a kisan mutum 11. Connolly ɗin ma ɗaure shi aka yi. Abin lura shine mai kai rahoton nan yakan zaɓi wanda zai tona, ya kawar da kishiyoyinsa ya zauna shi kaɗai a kasuwa, sai ka ga ɗan sandan ne ya koma yi masa aiki.

Abu Yasir:
A yi adalci kuma, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, 'yan sanda kaɗan ne ga aiki ya yi yawa, ba mai kama dillalin makami ba tare da ɗan cikin gida ba. Ban ce a bar shi yana sata ba fa.

Malam na Madani:
Abu Yasir ban musa ba, amma in suna buƙatarsa su biya shi daga aljihun hukuma, ba daga rumbun manomi ba. Ɗan Gadarif, abin da zai tsayar da ƙarar nan shaida ne, maƙwabcin naka zai yarda ya rantse gaban alƙali kuwa? Ka tambaye shi yau, in yana tsoro ku nemo mai rakshan.