Ana sanar da mu tun da wuri, me ya sa ruwa ke cin unguwannin Kano duk damina?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina, hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, ta biyo da na ambaliya, amma Agusta na kamawa sai ka ji gidaje sun rufta. A 2022 har Kantin Kwari ruwa ya shiga ya jiƙa dukiya. Ina gizo ke saƙar? Me unguwa za ta iya yi da kanta?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, matsalar tana ƙasa. Ruwan cikin birni da yawansa rafin Jakara yake nufa, kuma a da kududdufai ne ke riƙe shi, su sake shi a hankali. An cike da yawansu da shara an yi gini, tsakar gidaje sun sha siminti, ruwa ba inda zai nitse. Sai ya taho wa kwalbati gaba ɗaya, ya tarar da ita cike da yashi da leda.

Yasar kwalbati a Afrilu da Mayu ake yinta. A fara daga inda lambatu ke zubawa a babbar magudana, a riƙa haurowa. In kun fara daga sama, kun tura wa na ƙasa da ku ruwa ne kawai. Abin da ya fi ɓata aikin gayya shi ne jibge abin da aka yaso a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi. Ku tsayar da rana da hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ko ku yi karo-karo tifa ta kwashe a ranar. In za a sa ragar ƙarfe a bakin kwalbati, a ba mutum ɗaya alhakin share ta bayan kowane ruwa, in ba haka ba ita za ta toshe hanyar.

Magini:
Gaskiya ne, Injiniya. Gidan ƙasa kuwa daga gindi yake lalacewa. A yi yaɓe kafin damina, a ɗaga gindin katanga da siminti, indararo ya zuba nesa da bango. Tsaga ta buɗe ko azara ta lanƙwasa, a kwashe iyali a daren. Katangar da ta sha ruwa tana iya faɗuwa bayan an ɗauke. Mai gini a kan hanyar ruwa, a bi ta wajen mai unguwa a kai maganarsa hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, tun yana haƙa fandisho.

Malamar asibiti:
Kada a manta da bayan ruwa. Masai na cika ya tsiyaya cikin rijiya, amai da gudawa su biyo. A tafasa ruwan sha. Wanda ya kamu, a haɗa masa lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, yana sha ana hanyar asibiti. Mai unguwa ya rubuta gidajen da ke da tsofaffi da masu juna biyu, a kuma amince tun yanzu da makarantar da za a fake kafin jami'an hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, su iso.