Wane suna za mu ba wa irin kiɗan Too Dark Park da Hausa?

Mai Haɗa Sauti:
Salamu alaikum. Ina neman sunan Hausa na salon da Turawa ke kira dark electro-industrial. Mu auna da Too Dark Park, kundin da ƙungiyar Skinny Puppy ta Vancouver a Kanada ta fitar a 1990 a kamfanin Nettwerk. Shawarata ita ce "kiɗan masana'antu".

Ɗan Situdiyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan zai ruɗa mutane, domin da ka ce masana'anta hankali zai tafi Kannywood. Kalmar industrial ta samo asali ne daga Industrial Records, kamfanin da mawaƙan ƙungiyar Throbbing Gristle suka kafa a Ingila a 1976, kuma ƙarar injina da ƙarafa ake nufi, ba sana'a ba. Ni "kiɗan inji" na fi so. Ya ɗauke mana nauyin electro ma, tunda injin kiɗa da na'urar yanko sauti ne ginshiƙinsa.

Malama Mai Fassara:
Na yarda, amma bai isa ba. Kiɗan ƙungiyar Front 242 ta Beljiyam ma kiɗan inji ne, sai dai nasu bugu ne a fili, na rawa. Too Dark Park kuwa a cunkushe yake: maganganun da aka yanko daga finafinai, sauti a kan sauti, ga muryar mawaƙin Skinny Puppy, Nivek Ogre, da aka jirkita har ta koma kamar rediyon da ya kauce daga tasha. Bayan kundinsu Rabies na 1989, wanda Al Jourgensen, mawaƙin ƙungiyar Ministry, ya sa hannu aka cika shi da gita, a Too Dark Park ne Skinny Puppy suka dawo kan na'urori. Dole sunan ya nuna wannan nauyin.

Mai Haɗa Sauti:
To "baƙin kiɗan inji" fa, Malama?

Malama Mai Fassara:
A'a. Baƙi a bakinmu zagi ne, kamar baƙin hali. A ce "mai duhu".

Ɗan Situdiyo:
Duhun kuwa haɗa shi ake yi, ba ƙure ƙara ba ne. Ka raba murya layi biyu, ɗaya ka bar shi garau, ɗayan ka jirkita shi. A jirkitaccen ka yanke duk abin da ke ƙasa da hertz 150, wato sashen sauti mai kauri, in ba haka ba zai danne bugun ganga, waƙar ta zama caɓi. Sannan ka sa amsa-kuwwa a kansa kaɗai. Kuskuren masu koyo shi ne jirkita waƙar gaba ɗaya a matakin ƙarshe. Sauti ya haura sifili a ma'aunin ƙarfin sauti, ya tsage, kalmomi su ɓace. Ku saurari waƙar "Spasmolytic" da ke cikin Too Dark Park: duk hayaniyar nan, bugun bai nutse ba.

Mai Haɗa Sauti:
Madalla. Mun tsaya a kan "kiɗan inji" ga salon baki ɗaya, "kiɗan inji mai duhu" ga wannan reshen, sai "jirkita sauti" a madadin distortion. Saura sampling, domin "yanko sauti" bai nuna cewa maimaita shi ake yi ba.