Neman shawara: mota ta biyo ni har unguwa, kuma dole in ci gaba da bin hanyar Abuja zuwa Kaduna

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a Abuja, iyalina kuma suna Kaduna tare da mahaifiyata, wadda ba ta yarda ta bar gidan da mahaifinmu ya rasu a cikinsa ba, shi ya sa ban ɗauke su ba. Motar da nake hawa Corolla ce, na saye ta da bashin ƙungiyar ma'aikata, har yanzu ana cirar kuɗin daga albashina, kuma da ita ake kai Hajiya asibiti idan na zo, domin ƙafarta ba ta barinta ta hau Keke Napep. Duk Juma'a nakan taso bayan an tashi aiki. A makon jiya, tun daga Gonin Gora na lura da wata mota marar lamba a bayana, duk kwanar da na sha sai ta sha. Ban tsaya a gida ba, na wuce na shiga gidan mai, suka ɗan jira a bakin titi sannan suka tafi. A kwanakin baya an ƙwace motar maƙwabcinmu a bakin get ɗinsa. Tun ranar ba na samun barci. Me ya kamata in yi?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, wucewar da ka yi ba ka tsaya a gida ba ita ce daidai, amma matsalarka ba a unguwa ta fara ba. Duk wanda ya san wannan hanya ba ya yarda magariba ta same shi tsakanin Jere da Katari da Rijana. Ka taso da safiyar Asabar, ko ka nemi izini ka fito bayan sallar Juma'a. Idan ka kusa gida ka kira a buɗe get kafin ka iso, kada ka tsaya hancin mota na kallon rufaffiyar ƙofa, domin da an tare ka ta baya ba ka da mafita. Idan kuma Allah ya ƙaddara suka ɗora maka bindiga, ka bar hannuwanka a kan sitiyari inda za su gani, ka faɗa musu za ka kwance bel kafin ka kai hannu ƙugu, ka miƙa makulli, kada ka ƙura wa kowa ido.

Wata 'yar'uwa daga Zariya: Mijina ma an ƙwace masa mota, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawon da muka sha bayan nan. Mun kai rahoto, aka yi ta cewa mu dawo gobe, har da kuɗin mai aka nema a hannunmu. Sai da muka je wajen inshora muka gane cewa irin wadda kowa ke yanka don takardu, wadda aka mayar naira 15,000 a 2023, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan sata. Malam, ka duba takardarka.

Makanike: Ka sa tiraka, wato na'urar bin diddigin mota, mai kashe inji ta waya. Suna tafiya da ita ka kashe, shi ke nan.

Tsohon direba: Wannan shawara tana iya jawo asarar rai. Sau da yawa ba su barin mai mota a wurin, sukan tafi da shi su yar a gaba, kuma sukan tambaye shi inda na'urar take. Idan wani a gida ya kashe injin alhali kana hannunsu, a kan wa za su huce? Tiraka tana da amfani wajen neman mota bayan ka tsira, ba kafin nan ba.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma fitowa da wuri ba ta yiwuwa, domin shugabana ba ya barin kowa ya tafi kafin ƙarfe huɗu. Idan na bari sai Asabar, kwana ɗaya kawai zan yi da yara. Kuma maganar miƙa makulli tana da sauƙin faɗa ga wanda ba ya biyan bashin motar.

Wani ma'aikaci a Kubwa: Me zai hana ka ajiye motar a Kaduna ka riƙa bin jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa? Ni na daina tuƙi a hanyar nan, ko da yake samun tikiti ranar Juma'a wani yaƙi ne, kuma 'yan kasuwar bayan fage sun sha cin kuɗina.

Mai tambaya: Jirgin ma ai an kai masa hari a ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka tafi da wasu daji na tsawon watanni. Sannan a Abuja da me zan riƙa zuwa ofis? Motocin haya na gefen titi su ne ake shiga a faɗa hannun 'yan wan cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota.

Tsohon direba: Ɗana, kowace shawara aka kawo sai ka kawo dalilin ƙin ta. Na binne abokan aiki da suka ce sun san hanya. Bashin mota ana gama biyansa ko motar tana nan ko ba ta nan, amma Hajiya ba ta da wanda zai maye mata gurbinka. Ka ajiye lambar 112 a wayarka, ka bar tazara tsakaninka da motar gaba yadda za ka ga tayoyinta na baya, kuma idan taya ta yi faci a daji da dare kada ka tsaya, ka ja ta a haka har gari.

Makanike: Jan mota a kan faci zai lalata masa rim, Baba.

Mai tambaya: Zan yi tunani. Makanike, nawa ake sa tirakar a Kaduna, kuma ana iya gama aikin kafin Juma'a?