Dan Allah wane irin bodi ne ya fi kyau a kan bagi? Kaina ya kulle

Baban Haidar: Salam 'yan uwa, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Ƙanina ne ya bar min motarsa mai rimot, irin mai gudu a ƙasa da tsalle ɗin nan, bagi, ba bogi ba kafin wani ya fara. Da zai tafi karatu ya ce in ajiye masa, shi ya haɗa ta da hannunsa tun daga kwali, ya fi wata yana fama da fentin bodin, shuɗi da fari har da lambarsa a fiffiken baya. Ni da ko kallonta ba na yi sai da yarona ya matsa, to daga nan fa na fi yaron zaƙewa. Ranar nan na hau da ita wani tudu ta sauko da ka, bodi ya tsage tun daga ramin fil na gaba har gilashi. Na sayo wani fanko marar fenti na fesa masa ragowar fentin gwangwani da na yi wa ƙofa, kwana biyu ya fara ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Saura sati uku ya dawo kuma ban faɗa masa ba. So nake in sa mata bodin da in ya gani kyau zai hana shi magana. Na ga masu gidan direba a gaba, na ga masu keji da ɗan mutum a ciki, na ga mai kama da motar Volkswagen Beetle. Wanne ya fi?

Mai Sukurudireba: Ka ba mu labarin ƙaninka da ƙofarka amma ba ka faɗi wace mota ba ce. Bodin bagi ba kamar riga ba ne, kusan kowane shasi da nasa.

Kawu Tsohon Hannu: Yaro zauna in gaya maka. Kyan bagi ya ƙare a shekarun 1980, duk abin da ya biyo baya kwalin sabulu ne mai taya. Je ka kalli Tamiya Hotshot na 1985, jan bodi, keji a fili, direba zaune da hularsa, kana gani ka san mota ce da mutum zai iya shiga. Kalli Kyosho Optima ita ma ta 1985 mai jan ƙafa huɗu da sarƙa, ko Scorpion ta 1982. Avante ta 1988 kuwa kamar jirgin yaƙi aka cire wa fukafukai. Su waɗannan an kwaikwayo su ne daga ainihin motocin tseren yashi ko an zauna an zana su dan ido, shi ya sa kamfanonin suka dawo da su kasuwa, Hotshot a 2007, Avante a 2011, Optima a 2016. Ka taɓa jin an dawo da mummunan abu?

Dan Tsere: Kawu da girmanka amma wannan son zuciya ne. Gidan direba a gaba ba dan ado aka matso da shi ba, gilashin da ya miƙe a gaba iska yake tarewa ta danne tayoyin gaba, mota ta fi cin kwana. Shi ya sa yanzu in ka je wajen tsere kusan kowa shi ne a kan motarsa. Kuma ni wlh yana min kyau, ya yi ƙasa ya tsuke kamar zai yi cizo.

Kawu Tsohon Hannu: Kamar kan tarwaɗa dai. Mutum ya ce kyau yake nema kai kana kawo masa iska. A filin da yake wasa da yaronsa wace iska ce za ta danne masa taya?

Baban Haidar: Tamiya TT-02B ce, na ga an rubuta a takardar. Gsky ni mai kama da Beetle ɗin ce ta tsaya min a rai, Sand Scorcher.

Mai Sukurudireba: To nan matsalar take. Sand Scorcher ta 1979 kyakkyawa ce babu musu, amma ba a yi ta dan shasinka ba. Motarka tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 266 ne, ta fi ta Scorcher tsawo kuma ta fi faɗi, ga hasumiyar shakazoba a gaba da za ta tokare bonet. Sannan bodinta roba mai tauri ce, ta fi nauyi, ta waje ake mata fenti, in ta kife sau biyu rufin ya goge. Wanda ka fasa kuma folikabonet ne mai lanƙwasa, ta ciki ake fesa shi da fentinsa na musamman, a Tamiya masu lambar PS, launi mai duhu tukuna sannan mai haske. Fentin ƙofa ba ya lanƙwasa tare da shi, dalilin ɓarewar kenan. Ka nemi bodin Neo Scorcher ko na Plasma Edge II, duk na shasinka ne, ka huta.

Baban Haidar: Ai fentin ba shi da laifi sosai, ina ganin ban bari ya bushe ba ne. Kuma ƙofar har yau lafiya lau.

Maman Biyu: Hmm ni wannan zancen ya tuna min. Na ba wani ya fesa min bodi, na ce masa ruwan hoda da baƙi, wata biyu yana min gobe jibi, da ya kawo ashe bai ma rufe gilasan ba duk ya shafe su, motar ta koma kamar makauniya, kuma ledar kariyar da ke waje bai cire ba ya manna sitika a kanta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kar ka ba kowa yayana, yi da kanka.

Dan Tsere: Da kansa ɗin ne ai ya yi na ƙofa.

Kawu Tsohon Hannu: Ku bar yaro, idonsa ya fi naku. Sand Scorcher ya zaɓa kuma ya zaɓi daidai. Mu a da wa ya tsaya auna milimita, yanka muke mu huda mu ɗaura. Ni bagina RC10 mai shasi ruwan zinare, irin na 1984, bodi nawa na sa masa da ba nasa ba, har na ara wa wani aboki ya dawo min da shi babu fiffike yana min dariya, tun ranar na daina aron mota. Sa Beetle ɗinka, in ta tokare ka ɗaga sandunan bodin sama.

Mai Sukurudireba: Kawu in ya ɗaga ta sama za ta zauna kamar hula a kan tulu, tayoyi a waje bodi a sama, kuma kowace kwana sai ta kife. Ni da zai ji tawa ma ya ɗauko tsohon bodin ƙanin, ya manna tef mai raga ta ciki ya shafa gam ɗin takalmi, tsagewar za ta riƙe. Aikin hannunsa ne, shi zai fi so.

Maman Biyu: Kuma ka faɗa masa gaskiya mana, ba zai gane ba ne in ya ga wata mota daban?

Baban Haidar: Ba ku san shi ba ne, in na faɗa yanzu karatun ma ba zai yi ba. Tsohon bodin kuma na yanke gefen da ya tsage da almakashi ina son in daidaita, sai ya ƙara tafiya. Beetle ɗin dai na riga na yi oda tun kafin in yi tambaya, so nake kawai ku tabbatar min ita ta fi kyau. Launi fa, shuɗi da fari ko in canja?

Kawu Tsohon Hannu: Shuɗi da fari, ai kalarta kenan a kwali.

Dan Tsere: To me ya sa ka tambaye mu tun farko?

Mai Sukurudireba: Kafin ka huda komai ka turo hoto tana zaune a kan shasin.

Baban Haidar: In ta iso zan gani. Wai fentin da ya rage min na ƙofar zai kama ta tunda ita ta waje ake fesawa?